Rigar Manaja na Uku

Ranar da aka ba ni manajan kamfanin ɗinkin nan, iyakar abin da na sani game da keken ɗinki shi ne yana da ƙara. Mai kamfani bai ɓoye mini komai ba. Wata babbar makaranta ta ba mu aikin yunifom, in ba mu kai kaya kafin a dawo hutu ba za a rufe wurin, kowa ya kama gabansa. Ga teloli sun fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

"Ka riƙe mini su," in ji shi, ya tura ni bita kan shugabanci.

Malamin bitar wani ɗan kwalisa ne mai murya irin ta rediyo. Ya ce shugaban kirki da labari yake jan mutane, kowa ya ba ma'aikatansa labarin wahalar da ya sha. To ni fa ban sha wahala ba. Babana ma'aikacin banki ne, babban tashin hankalin ƙuruciyata shi ne ranar da direba ya makara zuwa ɗauko ni daga makaranta. Da na raɗa masa haka, sai ya ja ni gefe.

"Kwantar da hankalinka, ina da wanda zai zauna maka daidai."

Wai riga ɗaya tak gare ni, ranar da zan je neman aiki ƙusa ta yage ta, mahaifiyata ta ɗinke tana hawaye, na je na samu aikin. Ya ce in riƙe rigar a hannu, in na zo wajen mahaifiya in yi shiru in kalli sama.

Ina isa gida na zaro riga na yage mata kafaɗa, na tsaya gaban madubi ina maimaita labarin ina gwada kallon sama. Matata ta leƙo, ta riƙe haɓa.

"Rigar da na saya maka ka yaga? Wai Hajiya ce ta ɗinke? Hajiyar da ko maɓalli ya cire sai ta aika wa tela?"

Na ce mata ba ta san shugabanci ba.

Da safe na sa aka kashe kekuna, na tsaya kusa da teburin yanka, na ɗaga riga. Na gyara murya na ce, "'Yan'uwa, ni ma ɗan talaka ne. Riga ɗaya gare ni. Ranar da zan je neman aiki..."

"Ƙusa ta yage ta," in ji wani daga baya.

Na ɗauka sa'a ya ci, na ci gaba. "Sai mahaifiyata..."

"Ta ɗinke tana hawaye!" Wannan karon rabin ɗakin ne ya amsa, kamar 'yan aji ɗaya. Mai guga har kallon saman ya yi mini, kuma wallahi ya fi ni iyawa.

Abin da ya fi tsorata ni, babu wanda ya yi dariya. Inna mai yanka, wadda ta girmi kowa a wurin, ta ɗauki almakashinta ta naɗe a ƙyalle ta sa a jaka. Na kusa da ita suka fara cire allura suna tattara zare.

"Inna, ina zuwa?"

"Ɗan nan, kai ne na uku. Manajan farko fara ce tasa rigar, na biyu shuɗiya. Kowannensu yana gama labarin nan, sati ba ya zagayowa sai an sallami mutane. Gara mu fita da ƙafarmu."

Na duba cikin kaina ko malamin ya koya mana abin faɗa a nan. Babu. Sai bakina ya kama aiki ba da izinina ba. Na ce a mota aka kai ni makaranta, Hajiya ba ta taɓa riƙe allura ba, rigar nan jiya na yage ta da hannuna, matata har yanzu ba ta kula ni. Na ce ban iya sa zare a keke ba. Na faɗa musu abin da mai kamfani ya ce, cewa in aikin makarantar nan bai fita ba, da ni da su duk waje za mu yi. Na ce tsoro nake ji, kuma ban san yadda ake yi ba sai sun nuna mini. Ban ma tuna da kallon sama ba.

Inna ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo hannu.

"Kawo rigar."

Ta juya ta, ta duba kafaɗar, ta yi tsaki. Ta ja kujerar keken da ke kusa, ta nuna mini ita da baki.

"Zauna. Tunda uwarka ba ta iya ba, kai za ka ɗinke abarka."

Sai a lokacin dariyar ta fashe. Ina ta fama da ramin allura, na ji keke ɗaya ya tashi a bayana, sai na biyu. Inna ta warware ƙyallen, ta fito da almakashinta.