Shafuka Huɗun da Yaya Ya Yage

Tun ranar Litinin Auta ta hana kowa sakat. An mai da littafin da ta fi so a duniya fim, kuma ranar Asabar za a fara nuna shi. Sau biyar ta kira Yaya yana durƙushe a bayan firijin wani mai shago, hannunsa duk baƙin mai.

"Yaya, ka ga tallan? Ka ga Gwangwani? Wallahi yadda nake ganinsa a kaina, har da lotsewar nan ta kafaɗa!"

"Na gani. Auta, gas nake ɗurawa, ki bari in gama."

Ita fa ba yarinya ba ce. Shekararta talatin da takwas, ita ce babbar nas a ɗakin masu karaya, hararta kaɗai tana sa ƙato ya haɗiye magani. Amma da an ambaci littafin nan sai ta koma 'yar shekara shida.

Littafi ne mai koren bango, labarin wata yarinya da ke bin babanta a jirgin dakon kaya tsakanin taurari, tare da mutum-mutumin da ke musu girki, wanda Yaya da Auta suka laƙaba wa Gwangwani. Yaya ne ya karanta mata shi yana ɗan sha huɗu, ita ba ta iya haɗa baƙi ba tukuna, Mama kuwa tana wata na biyu a gadon asibiti. A ƙarshen labarin jirgin ya yi nauyi, ya kasa tashi daga wata duniyar ƙanƙara, sai Gwangwani ya sauka da ƙafarsa, aka tafi aka bar shi. Haka marubucin ya rubuta, marar tausayi. Yaya ya leƙa shafin, ya dubi Auta da ta ƙanƙame masa hannu, yarinyar da kullum sai ta tambaye shi yaushe Mama za ta dawo, sai bakinsa ya kama wata hanya. Ya ce yarinyar cikin labarin ta watso kujeru da tukwane da gadon babanta waje, jirgi ya yi shafal, aka koma gida da Gwangwani. Washegari ya yage shafuka huɗun ƙarshe, ya ce ɓera ne.

Mama ta warke ta dawo, ɓera ya ci gaba da shan tsinuwa. Auta ba ta taɓa neman wani kwafin ba, ta ce me za ta nema, ai ta haddace. Kuma a gaban kowa takan ce mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa yi mata ƙarya ba, Yayanta. Wannan maganar ce ta tsaya masa a wuya duk makon, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, nasa kuwa ranar Asabar da ƙarfe biyu zai ƙure.

A motar mijinta suka tafi. Koyar da tuƙi ne aikinsa, amma Farfesa ake ce masa, don babu abin da ba shi da ra'ayi a kai.

"Ni matsalata da finafinan nan," in ji Farfesa, "halittun wata duniya kullum kai ƙato, ido kamar faranti, kuma tsirara. Mutanen da suka ƙera jirgi mai gudun haske, wando ne ya gagare su?"

"Zafi ake yi a garinsu," in ji Auta.

"To jirgin fa? Ba madubin gefe, ba sigina. Haka kawai mutum zai yi ribas a tsakanin taurari?"

"Kai dai ka kalli titi. Ni shirin nan na masu zama a tashar sararin samaniya, tun da suka kashe likitar a zango na uku na yi fushi da su."

"Fushi? Jiya ma na gan ki kina kallo."

"Ina kallo, amma ba na musu dariya."

Ta kwashe da dariya ita kaɗai, tana buga cinya, sannan ta juyo baya. "Yaya, yau ba za ka yi mana tsiyar masu daskarar da mutum shekara ɗari a fim ba? Ka ce wane irin firiji ne wannan da ba ya neman gyara?"

"Kaina ke ɗan sarawa," in ji Yaya. Ƙarya ta biyu ke nan.

Fim ya yi kyau, abin haushi. Auta ta zubar da rabin guggurunta tun fitowar Gwangwani da ludayi a hannu. Tana faɗin magana kafin 'yan wasan su faɗa, har wata mata a gabansu ta juyo sau biyu. Da jirgin ya kasa tashi, sai ta cafke hannun Yaya ta raɗa masa, "Ga wajen nan! Yanzu za ta fara da kujeru!"

Ba a taɓa kujera ko ɗaya ba. Gwangwani ya ajiye ludayinsa, ya sauka, ƙofa ta rufe. Jirgi ya tashi, shi kuwa yana ta ƙanƙancewa cikin farin fili har ya ɓace. Aka kunna fitilu.

Har suka isa wajen ajiye motoci Auta ba ta numfasa ba. "Ɓarayin zaune! Ko buɗe littafin ba su yi ba! Ina kujerun? Ina gadon? Wallahi yau sai na rubuta musu abin da ba za su manta ba, Yaya kai ne shaidata!"

Ga mafita a buɗe: Yaya zai iya cewa haka ne, 'yan fim ba su da kirki, a wuce wajen. Amma ya ga ta zaro waya tana shirin faɗa da duniya a kan maganarsa, sai kunya ta rufe shi.

"Auta, sun karanta. Haka yake a littafin. Ni na canza, ni na yage shafukan."

Ta dube shi sama da ƙasa, sai ta fashe da dariya. "Kai? Kai da saƙon waya ma 'to' kawai kake iya rubutawa? Kai za ka ƙirƙiro gadon nan yana juyi a iska?"

Wannan ta yi masa ciwo fiye da zagi. "Ni ne mana! Gadon Baba na gani a gabana na sa a ciki. Tukwanen ma na Mama ne."

Dariyar ta tsaya. Farfesa ya buɗe baki zai kawo ra'ayi, ya duba fuskar matarsa, ya rufe abinsa.

"Lokacin tana asibiti," in ji Auta a hankali.

"E."

Ta jingina da mota, hawaye na zuba, tana dariya kuma tana share hanci da bayan hannu. "To yanzu yana can ke nan? Shekara talatin da biyu yana tsaye cikin ƙanƙara, ni ina nan ina murna?"

Yaya ya sosa ƙeya. A kan wannan dai ya san abin da yake faɗa. "Sanyi ba ya kashe inji, Auta. Batir kawai yake shanyewa. In aka samu mai kai masa wani, zai tashi."

"Wa zai kai?"

"Yarinyar mana. Ai yanzu ta girma, tana da nata jirgin."

Auta ta buɗe ƙofar baya, ta tura shi ciki, ta shiga ta zauna kusa da shi. "Farfesa, bi doguwar hanya, kuma kar ka sa mana baki." Ta gyara zama ta fuskanci Yayanta. "Ina jin ka. Da wa ta tafi?"