Harshen da Ya Rage wa Baba Dénes

Da wane harshe mutum yake mutuwa? Har yau ban sani ba.

Ina gyaran shinge Inna Veturia, maƙwabciyata, ta leƙo. "Kai Gergely, ajiye gudumar nan. Tsohon nan yana ta surutu, zo ka faɗa mini abin da yake so."

Kwana uku ke nan da jini ya bugi mijinta, Baba Dénes. Ciwon ya shanye masa ɓarin jiki, ya tafi da Romaniyancinsa kaf, ya bar masa Hungariyancin da ya sha a nono. Ni uwata 'yar Hungari ce, ubana ɗan Romaniya ne, shi ya sa na zama tafinta.

Shekara hamsin da biyu Inna Veturia da mijinta suna tare, da Romaniyanci kaɗai suke magana. Tana ƙarama sojojin Hungari suka tafi da mahaifinta daga bakin rijiya, bai dawo ba. Ta auri Dénes, amma ta rantse harshensu ba zai taɓa leɓenta ba.

Na same shi kwance kusa da murhu, ɗakin yana ƙamshin tuffar da ta shanya.

"Cewa ya yi ki rufe taga, Inna."

"Ka ce masa wari yake, iska za ta yi masa amfani."

Na fassara. Ya yi dariya da rabin baki, sannan ya kama hannun rigata. "Ɗana, ka tambaye ta, fushi take yi da ni? Ina ganin bakinta yana motsi, ban san me take cewa ba."

Na faɗa mata, na ƙara da nawa. "Inna, kalma ɗaya kawai. Ai ba shi ya kama babanki ba."

"Wa ya tambaye ka? Rantsuwa ba riga ba ce da za a tuɓe don zafi."

Na rasa wanda zan ba gaskiya. Uban da ke ƙasa yana da haƙƙi, mijin da ke kan gado ma haka.

Ranar Laraba da hantsi numfashinsa ya fara sarƙewa. Ta dube ni.

"Fita."

"Wa zai fassara?"

"Na ce fita."

Na tsaya a gindin taga, dinyoyinta suna kiwo a ƙafata. Sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa, da Hungariyanci tsantsa, irin na tsofaffin ƙauyenmu.

"Ni ce, tsohon banza. Ba fushi nake ba. Kwanta, ina nan."

Ta ci gaba da yi masa magana har bayan ya daina ji.