Tumatur a Kan Farantin Sola

Ranar da Mujtaba ya shigo gida da mashin ɗin, ban ji zuwansa ba sai da tayar ta kusa taɓa min ƙafa. Ba ƙara, ba hayaƙi. Na yi tsalle na koma gefe, shi kuwa yana ta dariya.

"Baba, wannan ba ya shan mai. Rana yake sha."

Mujtaba shi ne babban ɗana. Ya samu aiki a wani asibiti a Kalgo, mu kuwa muna Gwandu, tsakani kilomita sittin da 'yan kai. Kuɗin mota kullum ba zai yiwu ba, don haka ya nemi ɗaki a can, ya ce zai tafi da matarsa Fatiha da 'yarsu Zahra'u. Zahra'u shekarunta uku, ita ke kawo min buta kowace safiya, ina kiranta amaryata. Tun da aka fara maganar tashinsu abinci ya daina yi min daɗi.

Mashin ɗin ne ya kawo wata dabara. Aka ɗora farantan sola biyu a saman soro. Mashin ɗin batir biyu gare shi: ɗaya ya kwana cike, ɗaya ya wuni yana caji. A asibitin ma akwai sola, zai cika kafin ya taso.

"Mai shago ya ce yana cin kilomita ɗari," in ji Mujtaba, "amma bakin mai sayarwa ne. Ran Asabar zan gwada. In ya kai ni Kalgo, muna nan. In ya mutu a hanya, in wuce in karɓi makullin ɗakin, don mai gidan ya ce Asabar ce ƙarshe."

Batir na biyu bai iso daga Birnin Kebbi ba tukuna, ɗaya ne kawai a hannu. Ran Juma'a da safe Mujtaba ya jona shi, ya fita. Ni kuma ina da kwando biyu na tumatur da ya fara laushi. Na yanka, na rasa wurin shanya, awaki sun hana tsakar gida sakat. Da na hau soro sai na ga farantan nan, fes da su, ga zafi kamar tanda. Na ce ai zafin suke sha, tumatur ba zai rage musu komai ba. Na jera shi tsaf, na tafi masallaci.

Washegari da hantsi Mujtaba ya kunna mashin, ya tsaya yana kallon allon.

"Kashi saba'in? Wuni guda a rana, saba'in?"

Ya hau soro. Can ya leƙo da yankan tumatur a hannu.

"Baba, wa ya yi wannan aiki?"

"Ni ne. Mi ya faru?"

"Haske yake sha, Baba, ba zafi ba! Kun rufe mashi ido."

Na ce a bari sai gobe. Ya ce mai ɗaki ba zai jira ba, haka zai tafi.

Na ruga gidan Malami, abokina mai kabu-kabu, na ce ya taso mu bi yaron. Na ɗauko igiyar guga na naɗe a kafaɗa.

"Malam Lawal, rijiya za mu ko Kalgo?"

"In ya mutu mu jawo shi."

"To in ya mutu sai ka matsa mashi tumatur, ƙila ya farfaɗo."

Mujtaba bai yi gudu ba. Ya ce gudu ne ke cinye batir, don haka ya tsaya a kan talatin da biyar. Motocin haya suna wuce mu suna hon. Yara a bakin hanya suna ihu, "Mashin kurma! Mashin kurma!" Wani mai amalanke ya tambaye mu ko gangara yake yi, ya ga ba a kunna ba.

Duk bayan ɗan lokaci sai in sa Malami ya matsa kusa.

"Nawa ya rage?"

"Hamsin da biyu!"

Muka ƙara gaba. "Yanzu fa?"

"Arba'in! Baba, ku bar ni in yi tuƙi!"

Na fara lissafi da yatsu a bayan Malami. Mun ci rabin hanya, batir bai ci rabin abin da muka fito da shi ba. Na sake ƙirgawa don kada in yaudari kaina.

"Malami, zai kai! Wallahi zai kai!"

"Ka daina dukan bayana, ba ni ne batir ɗin ba!"

A wani hawa lambar ta faɗo daga ashirin zuwa sha huɗu lokaci guda, allon ya koma ja. Na kama salati. Mujtaba ya rage gudu, ya sunkuya kamar mai shiga ƙaramar ƙofa. Da muka sauko gangara lambar ta tsaya cik, ba ta ƙara motsi ba har muka hango rumfunan Kalgo.

A ƙofar asibitin ya tsaya. Na diro tun Malami bai gama taka birki ba, igiya tana bina a ƙasa. Allon yana nuna takwas.

Mujtaba ya cire hular kwano, gumi ya jiƙa shi, yana murmushi.

"Baba, da saba'in ya kawo ni. In ya cika fa?"

Ya ciro waya ya kira mai ɗaki, ya ba shi haƙuri, ya ce a ba wani. Ni kuwa na karɓi wayar na kira gida, na ce a ba ni Zahra'u.

"Amarya, ba inda za ki. Ki ajiye min butata."

Yanzu kowace safiya ni ke hawa soro da tsumma in goge farantan. Tumatur kuwa na yi masa rumfa a bayan gida, inda awaki suka riga suka gano.