Kiɗan Zuwa Wata a Jana'izar Albert

Albert ya rasu ne a shagonsa na gyaran rediyo a Kasuwar Sabon Gari. Washegari matan zumunta suka cika tsakar gidan matarsa Biriskila a Kwaciri, kowacce da tulun kiɗanta. A cocinsu haka ake yi: waƙar da mamaci ya fi so, ita mata ke koya su raka shi kabari da ita.

"Maman Eric, wace waƙa ce tasa?" in ji Jemima, shugabarsu, tana duban Biriskila.

Biriskila ta ɗauko wayarsa ta kunna. Wani sauti ya taso a hankali kamar injin markaɗe daga nesa, ya daɗe yana jan jiki. Can sai ƙit, ƙit. Sai muryar wani Bature cikin shuuu irin na rediyo.

Matan suka kalli juna.

"Wayar ce ta lalace?"

"A'a, haka yake. Baban Eric ya ce kiɗa ne da aka yi don tunawa da mutanen da suka fara zuwa wata. Ƙit ɗin nan wai kumbonsu ne ke gaya wa na ƙasa lafiya lau."

"To ina baitin? Ina amshi?"

"Babu."

Wata tsohuwa ta ɗaga hannu kan tulu, ta nemi inda za ta shiga, ta rasa. "Ni dai kukan sauro nake ji."

Jemima ta sassauta murya. "Zaɓi wata a littafin waƙoƙi, 'yar'uwa. Ba wanda zai sani."

Ita ma Biriskila ba ta taɓa gane kan kiɗan ba. Amma Albert kam shi yake ji in yana cin tuwo, shi yake ji in yana aski.

"Ni zan sani," ta ce.

A bakin kabari matan suka rufe baki suka ja mmm mai tsawo irin na kiɗan, tsohuwar na taɓa tulu jefi-jefi a madadin ƙit ɗin. Dangin Albert da suka zo daga Zariya suna ta waige-waige, wasu suka ɗauka kuka ne suka kama nasu. Fasto ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya rufe, ya sake buɗewa. Abin ba shi da baitin ƙarshe, sai Jemima ta zuba wa Biriskila ido, tana jira ta nuna mata inda za a tsaya.

Biriskila ba ta sani ba. Kullum kafin kiɗan ya ƙare tana can wajen wanke-wanke. Ta sunkuyar da kai. Matan suka ja numfashi, suka ci gaba.