Abin da Kawu Khiem Ya Tono

"Kada ki matso, Hanh! Tsaya nan inda kike."

Na tsaya cak a bakin gonata, lauje a hannu. Kawu Khiem, maƙwabcinmu, yana durƙushe a tsakiyar kufan gidan kakansa, na'urarsa ta neman ƙarfe a yashe a gefe tana ta tsuwwa. Ya tallabi wani abu mai tsatsa da hannu biyu, bai wuce girman gwaiba ba.

Duk wanda aka haifa a lardinmu na Quang Tri ya san irin waɗannan ƙananan bama-bamai. Fiye da shekara hamsin ke nan da jiragen yaƙi suka zubo su, har yau ƙasa ba ta gama amayar da su ba.

"Kawu, me ya kai ka ɗauka?"

"Na zaci murfin tulu ne. Sai da na kakkaɓe ƙasar na gane shi."

Tun da ya bar noma yake bin kufai yana tono tsofaffin kwabbai masu huji a tsakiya. Ya rantse kakansa ya binne tulu guda a nan kafin su yi gudun yaƙi. Matarsa, Inna Luu, takan ce, "Mai tulun kuɗi ne zai mutu da wando ɗaya?" Sai ya yi dariya ya saɓa na'urarsa.

Na kira masu kwance bam a waya. Suka ce suna wani ƙauye, sai nan da awa ɗaya, kada ya motsa. Na ɗaga murya na faɗa masa.

"Awa ɗaya? 'Yar nan, kin san hannuna."

Na sani. Tun bara yake rawa, ko shayi zai sha sai ya zubar da rabi.

Na laɓe bayan kututturen mangwaro. Rana ta take. Gumi na gangarowa cikin idonsa, ba halin sharewa.

"Yi mini magana, Hanh."

"In ce me?"

"Zage ni mana, kamar ranar da agwagina suka cinye miki shuka."



Ban san wanda ya kai wa Inna Luu labari ba. Sai ganinta na yi a guje, ba takalmi, da ludayi a hannu.

"Tsohon banza! Ban faɗa maka ba? Ban faɗa maka ba?"

"Riƙe ta, Hanh! Na roƙe ki, riƙe ta!"

Na tare ta, muka zube cikin kunyar gona. Ban taɓa sanin tsohuwa na da ƙarfi haka ba. Ta yakushe ni, ta gantsara mini cizo a dantse, ban sake ta ba.

"Luu," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "shinkafa na kan wuta?"

"Ta ƙone! Ina ruwana!"

"Koma ki sauke."

"Ba inda za ni."

"Taurin kai, shekara arba'in." Daga inda nake ina ganin gwiwar hannunsa na karkarwa. "Ba zan kai ba. Zan ajiye shi a hankali. Ku kwanta, ku duka."

Na danne kanta da ƙirjina, na runtse ido. Ina jin tsuwwar na'urar, ina jin bugun zuciyarta a cikina. Sai ƙasa ta girgiza, tsakuwa ta zubo mana a baya. Daga nan ban ƙara jin komai ba sai kunnena da ke kuka.

Masu kwance bam sun iso minti ashirin bayan fashewar. Kwana biyu suna aiki a kufan, suka tono goma sha ɗaya irinsa. Ba su ga tulu ba.

Washegarin binne Kawu Khiem, Inna Luu ta shigo gidana da farin ƙyallen makoki a kanta, da 'yar kwalbar mai. Ba ta gaishe ni ba. Ta zauna a dokin ƙofa, ta jawo hannuna ta ɗora a cinyarta, ta naɗe mini hannun riga. Ta daɗe tana kallon shatin haƙoranta, sannan ta tsoma yatsa a man ta fara shafawa.