Ba a Ɗaga Hannu

Wendell Pruitt ya juya bayan takardar amincewar da aka aiko masa gida, yana neman ƙananan rubutun da ake ɓoye mugunta a ciki. Su arba'in ne a zauren tsofaffin sojoji na garinsu, kowa da kofi a hannu, kowa ya zauna inda zai ga ƙofa.

Dakta Kessler, likitar da jiha ta aiko, ta ce majalisa ta ware kuɗi don gwada sabon magani a kan waɗanda yaƙi ya biyo su har gida. Daga wata irin laimar kwaɗi mai sa maye ake samunsa. Gurbi goma ne, kuma yau za a rufe.

"Laimar kwaɗi?" in ji Odell Tibbs, sajen su Wendell a Iraƙi. "Likita, ƙanena wata shida ya yi a gidan yari a kanta. Yanzu gwamnati ce dillaliya?"

Aka kwashe da dariya, ban da Wendell. Zaɓe saura wata huɗu, kuma shi bai taɓa ganin ɗan majalisa ya tuna da soja a banza ba. Sai dai wata takwas ke nan yana kwana a gareji, tun ranar da ya farka ya ga hannunsa a wuyan matarsa Lorna. Ƙwayoyin asibiti kala bakwai sun gaza. Da safen nan ta ajiye masa ƙwai da burodi, ta ce in ya dawo babu sunansa a jerin, ita ta koma gidan yayarta.

"Wanda ya yarda don ra'ayin kansa, ya ɗaga hannu," in ji likitar.

Ko yatsa bai motsa ba. Baiwar Allah ba ta sani ba cewa abin da soja ke fara koyo shi ne ba a ɗaga hannu. A bariki in aka ce wa ya iya tuƙi, wanda ya ɗaga hannu, baro ake miƙa masa. Sau ɗaya Wendell ya taɓa ɗagawa, ya dawo da gawa biyu a bayan mota.

Likitar ta fara tattara takardunta. Hannun Wendell ya ƙi barin cinyarsa.

Odell ya dube shi, ya dubi rigarsa da ba ta ga guga ba, sai ya miƙe.

"Likita, ba haka ake yi ba. Ɗan matsa." Ya juyo da muryar fareti. "Ina neman 'yan sa-kai! Kai, da kai, da kai. Pruitt, mai kunnen jaki, tashi!"

"Malam, doka ta hana tilas."

"Wa ya ga tilas? Tambaye su."

Wendell ya miƙe yana ƙunƙuni. "Shekara ashirin, Saje, har yau ba ka daina sayar da mu ba."

"Rufe mana baki. Likita, ba shi biro."

"Riƙe abinki," in ji Wendell.

Ya juyo gaban takardar ya ajiye mata a tebur. Tun a mota, kafin ya shigo zauren, ya sa hannu.