Shanun Malam Yari

Malam Yari, manomin Nahuce, ya san abu guda: mutane ba sa kewaye mara lafiya su yi cirko-cirko sai in kwana ya ƙare. Don haka da babban likitan asibitin koyarwa ya tsaya a kansa tare da garken matasa masu fararen riguna, suna ƙus-ƙus, bai ɓata lokaci ba. Ya yafito ƙanensa Shu'aibu, mai jinyarsa.

"Shu'aibu, shanun huɗata na ba ka, duniya da lahira. Ka kula da yara."

"Allah ya sa ka cika da imani, Yaya," in ji Shu'aibu, ya fita wai zai yi alwala.

"Baba, ɗalibai ne fa," in ji likitan. "Ɗinkin cikinka nake nuna musu, ya yi kyau. Gobe sallama."

Washegari Yari ya isa gida, ya tarar da turke wayam. Shu'aibu yana gona yana huɗa.

"Sannu da arziki, Yaya! Ai a gaban likitoci ka faɗa."

Daminar bana, Yari aron shanunsa yake yi.